Yadda Muka Je Maraɗi Neman Keken Tsere

Tun ranar da muka dawo daga Maraɗi ban huta da tambaya ba. A masallaci a tambaye ni, a wurin aiki a tambaye ni, a majalisarmu ta bakin tasha kuwa da na fara ba da labarin sai wani ya iso ya ce a koma masa farko. Wasu labarin hanya suke son ji, wasu na iyaka, wasu kuma so suke kawai su ji abin da zai sa magidanci da hankalinsa ya tsallaka wata ƙasa saboda keken yaro. To ga shi na rubuta gaba ɗaya, kowa ya karanta da kansa.

Ni malamin gona ne a Faskari, amma asalina mutumin Sabuwa ne, can iyayena suke. Ɗan farina, Nasiru, shekararsa tara, kuma tun da aka yaye shi yake hannunsu. Kun san yadda muke da ɗan fari. Ban taɓa kiran sunansa a gaban mutane ba, ban taɓa ɗaukarsa ba, in na je gida sai dai in ce "kai" ko "yaron nan". Shi kuma ya tashi yana jin ƙannena suna ce mini Yaya, sai ya bi sahu. Mahaifina shi ne Baba a wurinsa, mahaifiyata ita ce Inna.

A makarantarsu akwai malamin wasanni mai son keke, wanda kan shirya wa yara tsere a kan kwalta duk ƙarshen zango. Nasiru ba shi da keke, sai ya riƙa satar hawan tsohon keken Baba, irin mai nauyin nan da ake ɗora wa buhun masara. Da yake ƙafarsa ba ta kaiwa, ta ƙarƙashin sanda yake zura ta yana tuƙawa a karkace, kuma a hakan yake wuce yaran da suka girme shi. Ranar da abin ya faru, gangara ya biyo da gudu, yatsunsa suka kasa jan birki, ya faɗa kwalbati ya karye a hannun hagu. Inna ta rantse ba zai sake hawa keke ba. Hannu ya warke, amma yaro ya daina cin abinci sosai, ya daina fita wasa. Malamin wasannin ya zo har zaure ya ce wa Baba laifin ba na yaron ba ne, na keken ne, kuma in aka samo masa daidai shi, zai fi zama lafiya a kai fiye da a hana shi ya koma hawa a ɓoye.

Baba ya kira ni ya ce in zo. Na je na same shi a zaure, ya ce, "Ka ɗauki yaron ga ku tai ku nemo mai keke daidai da shi. Ni ƙahwata ba ta iya yawon kasuwa." Na ce ko ƙanena ya kai shi. Ya dube ni ya ce ni ya ce. Inna ta ƙulla mana soyayyar gyaɗa da ƙuli-ƙuli a leda, ta ja ni gefe ta ce yadda na ɗauke shi da hannu biyu da ƙafa biyu, haka take son ganinsa.

Daga Sabuwa muka biyo ta Dandume zuwa Funtuwa. A cikin mota ni da shi kowa na kallon tagarsa. A Funtuwa mun zagaya masu sayar da keke, amma duk na yara da muka gani masu ƙatuwar taya ne, da kwando a gaba da ƙararrawa, nauyi kamar injin markaɗe. Na tsere kuwa, masu siririyar taya da kai mai lanƙwasa kamar ƙahon rago, sai na manya. Muka wuce Faskari muka kwana. Matata Rabi, mahaifiyarsa, ta zuba masa tuwo da nama fiye da na kowa, ta aiko ƙanwarsa ta kai masa, ita kuwa ko kallonsa ba ta yi ba a gabana.

Tun a Sabuwa malamin wasannin ya ce kada mu sayi komai sai mun biya ta Ƙanƙara mun ga wani mai gyaran keke, Malam Ado, wanda ya yi tsere a samartakarsa. Hanyar Sheme zuwa Ƙanƙara kuwa kun san halin da take ciki na 'yan bindiga. Direbobi ba sa tashi sai rana ta ɗaga, sun ga motocin can ɓangaren sun fara isowa. Mun cika tun da hantsi, amma direba ya tsaya yana shan kunu har sai da mota biyu suka shigo daga Ƙanƙara ya tambayi direbobinsu, sannan ya ce bismilla. Da muka shiga dajin sai wata tsohuwa a baya ta yi ta jan carbi a fili. Ni idona na kan kowane babur da ya ɓullo daga gona. Ina cikin haka na ji nauyi a kafaɗata, na duba, ashe yaron ne barci ya ɗauke shi ya jingina da ni. Ban motsa ba har muka wuce wajajen Mabai, duk da hannuna ya yi sanyi.

Malam Ado gajere ne, baƙi, da ƙwaurin ƙafa kamar na ɗan dambe duk da furfurarsa. Da na faɗa masa abin da ya kawo mu, bai kula ni ba, yaron ya kira. Ya sa shi ya cire takalmi ya jingina da bango, ya sa masa wani guntun katako tsakanin ƙafafu, ya auna daga nan zuwa ƙasa da igiya, ya ƙulla. Ya kama hannunsa ya buɗe yatsun ya duba tsawonsu, ya matsa inda ya karye ya tambaye shi ko da zafi. Sannan ya juyo gare ni ya ce mai taya lamba ashirin da huɗu za mu nema, kada mu wuce haka.

Na ce masa ni a ganina gara a ɗauki babba kaɗan, tunda yaro girma yake yi, ya daɗe yana mora. Ya ajiye sifanar da ke hannunsa.

"Malam, ba rigar salla za ka saya ba da za a naɗe hannu," in ji shi. "Riga in ta yi yawa dariya za a yi masa. Keke in ya yi yawa, asibiti za ka kai shi."

Ya ce in yaron ya tsaya da keken tsakanin ƙafafunsa, dole tafin ƙafarsa duka biyu su taka ƙasa, kuma a samu sarari tsakaninsa da sandar. Ya ce in lura da birki fiye da komai, domin yawancin kekunan tsere an yi hannun birkinsu don yatsun manya, yaro sai ya saki kan keken kafin ya kamo shi. In kuwa yaron ya kasa ɗaga keken da kansa, to in bar musu kayansu ko da kyauta ne. Da na tambaye shi inda za a samu, ya ce mu duba Katsina, amma shi a saninsa sai Maraɗi, inda ake sauke kekunan gwanjo na ƙasashen Turai, a nemi wani tsoho Baba Isuhu.

Maganarsa ta tabbata. A Katsina mun sha yawo har la'asar, muka samu ƙwaya ɗaya mai kama da abin da muke nema, amma da Nasiru ya gwada ɗagawa sai da ya yi nishi. Muka kwana gidan wani abokin karatuna. Na kira Baba na ce abin fa sai Maraɗi, ko mu dawo? Ya ce tunda mun fito mu ƙarasa. Da safe muka shiga motar Jibiya, daga nan muka sake wata mai tsallakawa. A kujerarmu akwai wata mata mai jiki, 'yar Maraɗi, Hajiya Dije, mai fataucin kayan yaji. Tun kafin mota ta tashi ta san sunan garinmu da aikina da abin da za mu saya, ta kuma ba yaron dabino.

A iyaka aka ce kowa ya sauka da katinsa. Wadda ta karɓi nawa wata ma'aikaciyar shige da fice ce, 'yar Kudu, doguwa, tana jin Hausa daidai gwargwado. Ta duba katin, ta dubi yaron, ta tambaye ni ko wane ne. Na ce tare muke. Ta ce ta ga tare muke, me yake a wurina? Ga mutane tsaye a bayana, sai na ce na gidanmu ne. Ta ce ɗana ne? Na gyaɗa kai. Ta nemi takardar haihuwarsa, na ce ban zo da ita ba, domin ban fito da niyyar barin ƙasa ba. Sai ta durƙusa a gabansa.

"Yaro, wannan mutumin wane ne?"

"Yaya ne."

"Ina babanka?"

"Yana Sabuwa."

Ta miƙe a hankali ta ce in faɗa mata sunan yaron. Wallahi na san sunan, ni na raɗa masa shi a kunne, amma shekara tara bakina bai saba ba, sai na tsaya ina inda-inda. Wannan ɗan jinkirin shi ya ƙarasa ɓata lamarin. Ta kama hannunsa ta shige da shi ofis, ta ce ni in tsaya waje kada in matsa.

Ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokacin ba, har da na dajin Sheme. Ina hango shi ta taga zaune a kan benci, ƙafafunsa ba su kai ƙasa ba, yana ta waige yana nemana. Direba ya fara cewa shi fa ba zai jira ba. Hajiya Dije ta ce ya sauke mata buhunanta ya tafi, ita ba ta barin mutum da ɗansa a wannan hali. Ta shiga ofis ɗin ba tare da an kira ta ba, ina jiyo muryarta tana yi wa ma'aikaciyar bayanin kunyar ɗan fari, tana cewa ita kanta nata ɗan farin ya yi aure ya haihu ba ta taɓa kiran sunansa ba. Ta ce a sake tambayar yaron, amma a ce masa wa ya haife shi. Da aka tambaye shi, sai ya sunkuyar da kai ya nuno taga da baki.

Ma'aikaciyar ta ɗan sassauto, amma ta ce sai ta ga takarda. Na kira Rabi, waya na kamawa tana yankewa, sai da na hau kan wani tudun ƙasa kafin ta ji ni. Na ce ta buɗe akwati ta ɗauki hoton takardar yaron nan ta turo yanzu. Cikin ruɗewa ta turo katin rigakafinsa. Na sake kira, ta sake nema, can sai ga ta haihuwar ta shigo. Ma'aikaciyar ta gwada sunan uba da ke jiki da na katina, sannan ta dube ni ta ce har yanzu ban faɗa mata sunansa ba. Na ce Nasiru ne, ɗana ne, ni na haife shi. Da ƙarfi na faɗa, har wani mai sayar da ruwa ya waigo.

Ta miƙo mini katina, ta ce in yi haƙuri, aikinsu ne, sun sha tare yaran da aka ɗauko ba da sanin iyayensu ba, kuma kada in sake tafiya da shi ba takarda. Na ce ta yi gaskiya, kuma har zuciyata nake nufi. Ta ba shi biskit, ya fito. Muna tafiya wajen neman wata mota ya matso kusa da ni.

"Yaya, da sun riƙe ni, tafiya za ka yi?"

"Ko shekara za a yi ina nan," na ce.

Ya ɓare biskit ɗin ya miƙo mini ɗaya.

A ɓangaren Nijar na ɗauka za a maimaita, amma jandarman da ya tare mu ya sara mana, ya gaishe mu da Hausa, ya duba katina. Abin da ya nema game da yaron shi ne shaidar rigakafi. Na nuna masa hoton da Rabi ta turo bisa kuskure, ya ce mu wuce. Hajiya Dije ta yi ta dariya har muka shiga mota.

Ita ta sauke mu a gidanta, a wani ɗakin baƙi da ke jikin zaure, mai tabarma da katifa da randar ruwa. Mijinta dattijo ne mai shiru, ya zauna da mu bayan magariba yana dafa shayi a 'yar ƙaramar buta. Shayinsu ba irin namu na madara da burodi ba ne, baƙi ne mai ɗaci a 'yan ƙananan kofuna, kuma sai an yi zagaye uku. Na sha na farko na ce alhamdu lillahi na ƙoshi, ya ce ai yanzu aka fara. An kawo mana dambun zogale da man gyaɗa wanda ban taɓa cin mai daɗinsa ba, da fura mai cuku a ciki. Da safe aka kawo burodi dogo kamar sanda, mai tauri a baya. Nasiru ya juya shi ya juya, ya tambaye ni a kunne ko ya bushe ne, na ce ya ci kawai. Ya cinye nasa ya ƙara da rabin nawa.

Maganarsu kuwa tamu ce sak, har ta fi tamu zama ta tsofaffi, sai ka ji kamar kakarka ce ke magana. Bambancin shi ne inda mu muke saka Turancin Ingilishi, su Faransanci suke sakawa. Makaranta lakwal ce, ɗan acaɓa ɗan kabu-kabu ne, lambar waya kuwa ko tsohuwa ce da Faransanci za ta karanta maka. Wani abin da ya burge ni, ɗan kabu-kabun da ya ɗauke mu ya tsaya wa jar danja alhali babu mota ko ɗaya, babu ɗan sanda. Na ce ya wuce mana, ya ce ba a yi.

Wurin Baba Isuhu wani fili ne a bayan kasuwa, kekuna jibge har sun kai tsayin katanga. Shi kansa tsoho ne siriri mai tabarau da aka ɗaure da zare. Na ce Malam Ado na Ƙanƙara ya aiko mu, ya yi murmushi ya tambaya ko har yanzu yana da faɗa. Na ba shi igiyar awon, ya miƙe ta ya duba ya ce, "Bankat." Na ce a'a, daga Faskari muke. Sai da ya rubuta a ƙasa da yatsa na gane ashirin da huɗu yake nufi.

Kafin ya fito da komai, Nasiru ya riga ya tsaya gaban wani jan keke da ke rataye a jikin rumfa. Gaskiya keken ya haɗu, yana ƙyalli kamar sabo, ga giya rututu. Ni kaina da na gan shi sai na fara tunanin ko Malam Ado ya cika tsanani. Baba Isuhu ya ce wannan na ɗan shekara goma sha huɗu ne, amma ya sauko da shi don mu gani da idonmu. Yaron ya tsallaka ya tsaya a kan yatsun ƙafa, sandar ta tokare shi, amma ya ce daidai ne. Ya hau ya miƙe jiki kamar mai rarrafe kafin ya kamo kan. Ya tuƙa zuwa ƙarshen filin, ya zo juyawa, na ga yatsunsa suna lalube ba su kai ga birki ba, ya tafi a hankali ya dunguri buhunan albasar wani maƙwabci. Bai ji ciwo ba. Ya tashi ya kaɗe wando ya ce shi dai wannan yake so.

Wanda tsohon ya zaɓo masa kuwa wani ruwan toka ne, fenti duk ya kankare a gefe, sirdin da ɗan yagewa. Yaron ko kallonsa bai yi ba, ya riƙe jan da hannu biyu yana dubana. Tunda aka haife shi bai taɓa roƙona komai ba, ni kuma ban taɓa hana shi komai ba, domin ban taɓa zama wanda ake tambaya ba. Jiya-jiya na gama cewa ɗana ne a gaban jama'a, yau kuma abin farko da zai nema a hannuna in ce a'a. Sai na tuna yadda na same shi a gadon asibiti da hannu a naɗe.

"Nasiru, ba za mu ɗauki wannan ba," na ce. "Hannunka bai kai birki ba. Ko ka ɗauki wancan, ko mu koma haka nan."

Hawaye suka zubo masa ba tare da ya yi sauti ba. Baba Isuhu ya yi kamar bai gani ba. Ya ce da shi ya zo ya taya shi matsar da kekunan nan biyu zuwa inuwa, ya fara da jan. Yaron ya ɗaga da kyar. Da ya zo kan ruwan tokan, ya sa ƙarfi irin na farko, sai keken ya tashi sama har ya kusa buge masa haɓa. Ya tsaya yana kallonsa. Tsohon ya ce na alminiyam ne, an yi shi ne musamman don yara masu tsere, kuma a shekara bai fi ya ga irinsa biyu ko uku ba. Ya nuna masa hannayen birkin, ƙanana ne, kusa da kan, ya ce ya ɗan kai shi ƙarshen layi ya dawo, ba don ya saya ba.

Layin bayan filin kwalta ne, babu motoci. Ya hau yana shan kunu. Tuƙi uku ya yi na ga ya sunkuya, keken ya tafi kamar an harba shi. Ya kai ƙarshe ya ja birki ya juyo, ya wuce mu bai tsaya ba, ya sake komawa. A zagaye na huɗu sai da na tsaya tsakiyar hanya na ɗaga hannu. Ya tsaya cak a gabana, ƙafa biyu a ƙasa, yana haki, hawayen sun bushe a kumatunsa. Ya ce a bar jan.

Tsohon bai bar mu mun tafi nan take ba. Ya ce kekunan Turai birkin gaba a hannun hagu yake, saɓanin wanda yaron ya saba da shi, kuma in ya ja na gaba da gudu bisa kuskure zai wuntsila ta kai. Ya zauna ya sauya wayoyin. Ya nuna mini bakin tif ɗin, siriri ne, famfon masu faci na gida ba zai kama shi ba, ya haɗa mana da ɗan ƙaramin famfo da tif biyu da taya ɗaya, domin wannan lambar ba a samunta ko'ina. Ya ɗan sauke sirdi, ya ce in yaro ya ƙara tsawo a riƙa ɗagawa, zai kai shi shekara biyu ko fiye. Daga ƙarshe ya zaro hular kwano ta yara ya kifa masa, ya ɗaure a haɓa, ya ce in ba hula ba hawa, kuma ni zan tsaya a kan wannan. Muka yi ciniki cikin mutunci, ya yi wa yaron addu'a.

A tasha direba ya ce keken ba zai shiga but ba. Kafin in yi magana wani ɗan kamasho ya ja wani ɗan ƙarfe a gaban keken, tayar ta fito a hannunsa. Na yi tsalle na ce ya karya mana keke. Nasiru ne ya ce in kwantar da hankalina, haka aka yi shi, Baba Isuhu ya nuna masa. Tayar nan a cinyarsa ta zauna tun daga Maraɗi har Katsina, ko da za mu yi salla sai dai ya jingina ta a gabansa. A iyaka mun sake haɗuwa da ma'aikaciyar nan, ta gane mu, ta tambaye shi wane ne wannan, ya yi dariya ya ɓoye fuska a bayan tayar.

Saura kaɗan mu shiga Ƙanƙara muka tarar da motoci jere a tsaye, wasu na juyawa. Nan take motarmu ta ɗauki salati. Na kama hannun yaron na riƙe, ina duba ta inda za mu bi in an ce a gudu. Direba ya sauka ya tafi gaba, muka zauna kamar minti goma da suka yi mini kamar wuni. Ya dawo yana dariya, ashe motar shanu ce ta lalace ta tare hanya, shanun sun sauka suna kiwo a gefen titi. Sai a lokacin na lura na matse masa hannu har ya yi shaida.

Malam Ado ya juya keken sama da ƙasa, ya kaɗa tayoyi ya kasa kunne, ya sa yaron ya hau ya sauka, sannan ya ce to, ba laifi. Waɗanda suka san shi sun ce daga bakinsa wannan babban yabo ne. A Sabuwa kuwa yara suka cika ƙofar gida, Baba ya fito yana ɗaga keken da yatsa biyu yana mamaki. Inna ba ta dubi keken ba. Ta ja yaron ta shafa kansa da hannayensa da gwiwoyinsa, ta ce ya rame, sannan ta ce mini sannu da hanya.

Bayan mako uku aka yi tseren, na ɗauki hutun kwana ɗaya na je. Daga ƙofar makaranta ne zuwa wata gada a dawo, an tsayar da malamai a hanya suna tare babura. Na tsaya a inda ake ƙarewa. Na farko ya iso, wani dogon yaro, na biyu da na uku suka biyo shi, ban ga ruwan toka ba. Sai ga hular kwano ta ɓullo daga kwana. Shi ne na huɗu, kuma duk waɗanda suka riga shi 'yan aji shida ne. Ya ja birki ya tsaya lafiya lau, ba ƙwarzane ko ɗaya, ni kuwa sai da na nemi dakali na zauna.

Ya zo ya same ni ransa a ɓace. Ya ce a wajen hawan gadar ya saka giyar da ba ita ba, ƙafarsa ta yi nauyi, da ya sauya tun daga wajen bishiyar mangwaro da ya kamo na ukun. Ya yi ta yi mini bayani yana nuna sarƙa da haƙoran giya, ban fahimci ko rabi ba, ina dai cewa haka ne. Da ya gama ya tambaye ni ko wayata tana iya auna minti, na ce tana iyawa. Ya ce to yaushe zan dawo in riƙa auna masa. Na ce Asabar. Ya ce in zo da wuri kafin motoci su yi yawa, ya cire hular ya miƙo mini, ya tura kekensa ya yi gaba, ni kuma na bi shi a baya riƙe da ita har gida.